Daga ɗakin bincike zuwa gona da gidan likita: tambayoyi da amsoshi kan yadda ilimin kimiyya ke yaɗuwa a Maraɗi

Jihar Maraɗi ta daɗe tana karɓar masu bincike. A Tarna akwai cibiyar INRAN, hukumar binciken aikin gona ta ƙasa wadda aka kafa a 1975. A cikin gari akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mai ɗauke da sunan masanin kimiyya ɗan wannan gari. Akwai kuma cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta gudanar da manyan gwaje-gwaje kan lafiyar yara a yankin Madarunfa. Abin da aka gano a gonakinmu da gidajen likitanmu ya shiga manyan mujallun duniya, amma sau da yawa manomin da ya ba da gonarsa da uwar da ta kawo ɗanta ba sa jin inda maganar ta kwana. Tambayoyin da ke tafe sun shafi hanyoyi biyu da ilimi ke bi, wato wadda ke tsakanin masana su ya su da wadda ke fitowa zuwa ga jama'a, da kuma wuraren da kowacce ke katsewa.

Idan masani ya gano wani abu, ta wace hanya yake sanar da sauran masana?

Babbar hanyar ita ce maƙala a mujallar kimiyya. Wannan al'ada ta faro ne a 1665, shekarar da aka fara buga Journal des sçavans a Faransa da Philosophical Transactions a Ingila, kuma har yau a kanta aikin ya dogara. Maƙalar kimiyya tana da tsari sananne: marubuci ya faɗi tambayar da yake neman amsarta, ya bayyana yadda ya yi aikin dalla-dalla, ya kawo alƙaluman da ya samu, sannan ya faɗi abin da yake ganin suna nufi da inda aikin nasa ya gaza. Sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin shi ne mafi muhimmanci, ko da yake shi ne masu karatu suka fi tsallakewa. Idan mai bincike a Tarna ya ce wani irin hatsi ya fi wani ba da amfani, wajibi ne ya faɗi irin ƙasar da ya shuka, jigawa ce ko geza, da ruwan da aka samu a daminar, da takin da ya zuba, da yawan fegin da ya maimaita gwajin a kai, da yawan damunan da ya yi yana maimaitawa, domin wani masani a Sadore ko a Samaru ta Zariya ya iya sake gwajin ya ga ko zai sami abin da aka ce an samu. Sakamakon da aka kasa maimaitawa ba ya samun karɓuwa a wurin masana, komai girman sunan mai shi.

Ban da mujalla akwai tarurrukan ƙara wa juna sani, inda ake gabatar da aiki tun bai kammala ba domin ya sha suka da wuri, akwai kundayen digiri, akwai kuma rahotannin cibiyoyi da ƙungiyoyi. Rahotannin nan suna da yawa ƙwarai a ƙasarmu, kuma su ne suka fi saurin salwanta, domin da zarar kuɗin aikin ya ƙare sai a rufe su a kabad ɗin ofis, bayan wasu shekaru wata ƙungiya ta zo ta sake yi wa ƙauye ɗaya tambayoyin da aka riga aka yi masa.

Wa ke duba maƙala kafin a buga ta?

Editan mujalla yakan aika ta ga ƙwararru biyu ko uku na fannin, waɗanda galibi ba a biyan su kuma marubucin bai san sunayensu ba. Su ne za su duba ko hanyar da aka bi ta dace da tambayar, ko lissafin ya yi daidai, ko kuma marubucin ya faɗi fiye da abin da alƙalumansa suka nuna. Za su iya cewa a buga, ko a gyara a dawo, ko a yi watsi da ita, kuma wannan kai-kawo yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Tsarin bai tsufa kamar yadda ake zato ba, domin mujallar Nature, wadda aka kafa a 1869, sai a 1973 ta mai da shi wajibi ga kowace maƙalar bincike.

Ya kamata a san iyakarsa. Masu tantancewa ba sa zuwa gonar da aka yi gwajin, ba sa sake awon, abin da aka rubuta musu kawai suke gani. Suna iya kama kuskuren lissafi da rauni a tsari, amma wanda ya ƙirƙiri alƙaluma da wayo yana iya wuce su. Akwai kuma rumbunan intanet da ake saka maƙala tun kafin a tantance ta, irin su arXiv da aka buɗe a 1991. Suna da amfani ga masana saboda sauri, sai dai a lokacin annobar korona an ga yadda ƴan jarida suka riƙa ɗauko irin waɗannan maƙalu suna ba da su a matsayin magana tabbatacciya.

To ke nan ba duk abin da aka buga a mujalla ne gaskiya ba?

Haka ne, kuma masana da kansu sun fi kowa sanin haka. A 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wadda ta dogara kan yara 12 kacal ta kuma jefa shakku cewa rigakafin ƙyanda na iya haddasa otizim, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Manyan bincike da suka biyo baya, kan dubban ɗaruruwan yara, ba su sami wata alaƙa ba, an kuma gano an yi maguɗi a bayanan, amma sai a 2010 mujallar ta janye maƙalar, a shekarar da aka soke wa likitan izinin aiki. A cikin waɗannan shekaru 12 iyaye da yawa sun ƙi kai ƴaƴansu rigakafi, ƙyanda ta sake ɓulla a wuraren da ta yi sauƙi. A 2020 kuma mujallar ta buga wata maƙala kan amfani da wani dangin maganin kulorokin wajen jinyar korona, ta janye ta cikin mako biyu saboda an kasa tabbatar da inda alƙaluman suka fito. Janye maƙala alama ce ta cewa tsarin yana gyara kansa, amma labarin janyewa ba ya taɓa yin nisan da labarin farko ya yi.

Akwai kuma mujallun neman kuɗi, waɗanda ke karɓar duk abin da aka aika musu muddin an biya. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika maƙalar bogi mai cike da kurakurai na fili ga mujallu 304, sai 157 daga cikinsu suka amince su buga ta. Matashin malamin jami'a da ke neman ƙarin girma shi ne ya fi faɗawa wannan tarko, domin su ne ke fara aiko masa da saƙon gayyata mai daɗin baki.

Me ya sa masana ke saɓa wa juna, yau a ce kaza gobe a ce akasinsa?

Misali mafi kusa da mu ya fito ne daga Madarunfa. A 2013 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Malawi, wanda ya nuna cewa ba yara masu tamowa mai tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da abincin jinya yana ƙara yawan masu warkewa yana kuma rage mutuwa. A 2016 mujallar ta buga binciken da aka yi a Madarunfa kan irin wannan magani mai suna amoksisilin, binciken da bai ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen warkewa daga tamowa tsakanin yaran da aka ba maganin da waɗanda ba a ba ba, ko da yake maganin ya ɗan rage yawan waɗanda sai da aka kwantar da su. Wanda ya ji labarin a gurguje zai ce ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ta yi ƙarya. Ba haka ba ne. Yaran Malawi da yawa tamowa mai kumburi ce gare su, kuma cutar sida ta fi yawa a cikinsu, alhali yaran Madarunfa galibi tamowa mai rama ce, ga kuma tsarin sa ido da ke kai yaro asibiti da wuri idan ciwo ya tsananta. Amsoshin biyu kowacce ta yi daidai da wurin da aka same ta, kuma haɗa su ne ya sa aka ƙara fahimtar wane yaro ne ya fi buƙatar maganin. Irin wannan saɓani aikin hukumomin lafiya ne su auna shi su fitar da ƙa'ida, kuma uwa a gida abin da gidan likita ya ba ɗanta shi za ta bi.

Me ke hana ɗalibi ko malamin gona a Maraɗi karanta binciken da aka yi a jiharsa?

Abu biyu, harshe da kuɗi. Mafi yawan manyan mujallu da Ingilishi ake buga su, alhali ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu, jama'ar da aka yi binciken a kansu kuma Hausa ko Fulatanci ko Tamashek suke ji. Ta fuskar kuɗi, maƙala guda a wasu mujallu sai an biya dalar Amurka 30 zuwa 40 kafin a buɗe ta. Mujallun da ke barin kowa ya karanta kyauta kuma sukan ɗora kuɗin a kan marubuci: a 2021 Nature ta sa kuɗin buga maƙala a buɗe yuro 9,500, wato fiye da miliyan 6 na sefa, ko da yake mujallu da dama suna yafe wa masu bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai ƙofofin da ba a cika amfani da su ba. Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara a 2002, da AGORA na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fara a 2003, suna ba jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe irin Nijar damar karanta dubban mujallu kyauta idan cibiyar ta yi rajista. Rumbun AJOL, da aka buɗe a 1998, ya tara mujallun Afirka wuri guda. Sannan hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta wa marubucin kai tsaye a roƙi kwafi, domin mafi yawansu da murna suke aikawa.

Wani cikas ɗin yana cikin yadda ake auna aikin malamin jami'a. Majalisar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girman malamai a ƙasashe da dama na Afirka, kuma maƙalun da aka buga su ne suka fi nauyi a ma'auninta. Malamin da ya ba da yammacinsa yana yi wa manoma bayani a rediyo bai ƙara wa takardunsa wani abin kirki ba. Muddin haka ma'aunin yake, bai kamata a yi mamakin inda malamai ke kai ƙarfinsu ba, kuma a ganinmu jami'o'inmu suna da ikon sa wannan aiki cikin abin da suke lissafawa.

Akwai binciken da aka yi a nan da ya amfani duniya?

Akwai, kuma ya cancanci kowane ɗan jihar ya san shi. An gwada wani rigakafin rotabairos, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen haddasa zawo mai tsanani ga jarirai, a yankin Madarunfa. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa shi, ana ɗiga shi a baki sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma fifikonsa shi ne yana jure zafi, abin da ke da muhimmanci a ƙauyen da babu wutar da za ta riƙe firji. An raba jariran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su rigakafin, wasu aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu sinadarin a ciki, kuma iyaye da ma'aikatan da ke duba yaran ba su san wa ya sami wanne ba, domin kada zato ya shiga cikin awo. Sakamakon ya fito a 2017: cikin jarirai 3,508 da aka lissafa, an sami zawon rotabairos mai tsanani sau 31 a ɓangaren rigakafi, sau 87 a ɗaya ɓangaren, wato ragin kusan kashi 67 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsa.

Wajen isar da irin wannan adadi ne ake yawan yin ɓarna. Ba ya nufin yaron da aka yi wa rigakafi ya rabu da zawo, domin akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke kawo shi. Idan aka ce wa uwa a taƙaice wannan maganin zawo ne, ranar da ɗanta ya kamu da zawo daga gurɓataccen ruwa za ta ce an yaudare ta, kuma tana da hujja. Abin da ya dace a gaya mata shi ne rigakafin yana rage nau'i ɗaya mai kisa da kusan kashi biyu cikin uku, wanke hannu da ruwa mai tsabta da ruwan gishiri da sukari kuma suna nan a matsayinsu.

Wane haƙƙi ne mutanen da ake bincike a kansu suke da shi?

Tun daga Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fitar kan gwaji a jikin ɗan Adam, ƙa'idar ita ce ba a sa mutum cikin gwajin lafiya sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san amfani da haɗarin da ke ciki, ya yarda da kansa, ya kuma san yana da ikon fita duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. A Nijar sai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince kafin a fara. Amincewar sarki ko mai gari tana buɗe ƙofar gari, amma ba ta maye gurbin yardar uwa da uba.

Abin da ya faru a Kano ya nuna tsadar sakaci da wannan haƙƙi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Lokacin da jita-jita ta taso kan rigakafin shan inna a 2003, wannan tarihi na cikin abin da ya ba ta ƙarfi, aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har Yaman da Indunusiya. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mu da ke cin kasuwa ɗaya da Katsina da Jibiya mun san cewa maganar da ta tashi a can ba ta kwana ba ta iso nan. Don haka muke ganin mai bincike bai gama aikinsa ba sai ya koma garin da ya yi aiki, ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya gaya musu abin da ya samu, ko da sakamakon bai zo yadda aka so ba.

Ta yaya sabuwar dabara ke isa ga manomi har ya karɓe ta?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tarihin buhun ajiyar wake mai riɓi uku ya tabbatar da haka. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a Kamaru ne suka fara aikin tun ƙarshen shekarun 1980, aka faɗaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma masu binciken ƙwari na Maraɗi sun ba da gudummawa mai yawa wajen gwada shi. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, ana ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke cikin waken suna shanye ɗan iskar da ta rage, sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu, ba tare da an zuba piya-piya ko wata guba a abincin da za a ci ba. Da a takarda aka tsaya, da ba a je ko'ina ba. Abin da aka yi shi ne a cika buhu a bainar jama'a bayan kaka, a nuna yadda ake duba leda ko ta huje, a matse iska, a murɗe baki a ɗaure, a ajiye, sannan bayan watanni a sake tara gari a kwance buhun kowa ya sa hannu ya damƙo wake ya duba da idonsa. Matar da ta ga wake fes babu huji a lokacin da tiya ta yi tsada ba ta buƙatar wani dogon jawabi.

Yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ya fi wuyar bayani, domin maganin nata wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro da ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Ana kiwonsa a ɗakin bincike, a zuba shi a ƙananan buhunan garara tare da hatsi da tsutsar da zai ci, a kai su gonakin ƙauye lokacin da hatsi ke fitar da kai. A nan dole manomi ya fahimci dalilin abin, domin idan ya yi feshi bayan an saki ƙwaron zai kashe mai taimakon nasa. Haka ma dabarar sa taki kaɗan-kaɗan a ramin shuka, giram 6 na NPK ko giram 2 na DAP, ba ta shiga ba sai da aka mai da giram ɗin zuwa abin da hannu ya sani, wato tsunkule da yatsu ko cikin murfin kwalba.

Kullum daga masana ne ilimi ke gangarowa zuwa ga talaka?

A'a, kuma Maraɗi ce babbar shaida. A farkon shekarun 1980 ayyukan dashen itatuwa suna ta faɗuwa a wannan yanki, har Tony Rinaudo, wani masanin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a nan, ya lura a 1983 cewa tsirran da ake sarewa lokacin sassabe toho ne na kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi zurfi. Idan aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka rage sauran aka kare su, sai su zama itace cikin ƴan shekaru. Manoma ne suka ɗauki dabarar, wadda dama tana da tushe a al'adarsu, suka gyara ta yadda ta dace da gonakinsu, ta riƙa tafiya daga baki zuwa baki da sunan sassaben zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo gonaki. Kusan shekara 20 ana wannan aiki alhali rubuce-rubucen masana na waje suna ta maganar gurgusowar hamada, sai a tsakiyar shekarun 2000, da aka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, aka ƙiyasta cewa abin ya kai kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Aikin masana a nan shi ne aunawa da sanar da duniya, kuma awon ya yi amfani, domin ya taimaka wajen jawo hankalin hukuma har aka fitar da dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan itacen da ya rena a gonarsa.

Haka kuma takin Oga, wato fitsarin da aka adana har ya tsarkaka daga ƙwayoyin cuta, mata manoma na ƙungiyar FUMA Gaskiya ne suka gwada shi a ɗaruruwan gonakinsu tare da masu bincike, aka buga sakamakon a 2021 da ƙarin amfanin hatsi na kusan kashi 30 cikin 100.

Me ya sa hasashen damina yakan saɓa da abin da muke gani?

Kowace shekara kafin faɗuwar damina cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD, dukansu a Yamai, suna haɗuwa da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin su fitar da hasashe. Abin da suke fitarwa rinjaye ne tsakanin abu uku, wato ruwa ya fi na yau da kullum, ko ya yi daidai, ko ya gaza, kuma na babban yanki ne na tsawon watanni. A ce misali an ba na farko kashi 45, na biyu 35, na uku 20: wannan na nufin har yanzu akwai yiwuwar ƙarancin ruwa ɗaya cikin biyar. Kafin maganar ta iso kasuwar Sabon Mashi ta koma "an ce bana ruwa zai yi yawa". Ga shi kuma ruwan Sahel yana zuba a wannan gari ya tsallake na kusa da shi, sannan jimillar ruwa mai yawa ba ta hana fari na kwana 15 bayan shuka. Manomin da ke shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwan da ya kai milimita 20 ya fi buƙatar bayanin lokacin faɗuwar damina da tsawon ratar da ake tsammani, da rahoton kwanaki goma-goma na hukumar yanayi. Mai gabatar da shiri da ya cire rinjayen domin magana ta yi daɗin ji ya cuci manomi, ya kuma cuci masanan da za a ƙaryata gobe.

Wace rawa rediyo da waya ke takawa?

Rediyo ce har yanzu ta fi isa ko'ina. Nijar tana da tsohon tarihi a nan, domin tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda ake saurare tare a tattauna a kuma naɗi ra'ayin mutanen karkara a mayar gidan rediyo, sannan daga 1999 aka fara buɗe rediyoyin al'umma, farko a Bankilare. Shirin da ya fi amfani shi ne wanda ake buɗe layi, domin tambayar mai sauraro ita ke nuna wa masani inda bayaninsa bai shiga ba. Saƙon murya na WhatsApp ya cire shingen karatu, kuma haɗakar majalisun manoma ta RECA tana amfani da shi wajen amsa tambayoyin manoma da harsunan gida. Sai dai ta wannan hanya ce kuma mai tallar maganin da ke warkar da ciwon sukari da basir da rashin haihuwa a kwalba ɗaya yake shigowa. Kafin a tura saƙo gaba, a duba ko an faɗi sunan cibiyar da ta yi binciken da shekarar, a ga ko a kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye, a lura ko mai maganar yana da abin sayarwa, a kuma yi hattara da duk wanda ya ce maganinsa ba ya kuskure ko likitoci ne ke ɓoye shi.

Hausa za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya kuwa?

Za ta iya, kuma tana yi kullum a gidajen likita da gonakin gwaji. Wani bincike a Mirya ta jihar Damagaram ya nuna cewa iyaye mata, bayan ɗan gajeren horo da harshensu, suna iya auna damtsen yaro da zaren awo mai launi uku su gane tamowa kusan daidai da ma'aikatan lafiya na ƙauye: ja, ƙasa da milimita 115, na nufin a garzaya gidan likita. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun shekarun 1960 yake kira a koyar da harsunan gida, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage aiki ne na zahiri: masana harshe da likitoci da malaman gona su daidaita kalmomi tsakanin Nijar da Najeriya, kowane kundin digiri da aka yi a jihar kuma a haɗa shi da taƙaitaccen bayani na Hausa, a rubuce da kuma a murya.

Ina mutum zai kai tambayarsa idan yana son amsa mai tushe?

Kan noma, a fara da malamin gona na yankin ko majalisar manoma ta jiha, waɗanda ke miƙa abin da ya fi ƙarfinsu ga Tarna ko jami'a. Tambaya ta fi samun amsa idan ta zo da shaida: a sa ƙwaron ko tsutsar a kwalba, a ciro ganye ko zangarniyar da ta kamu, a ɗauki hoto da rana daga kusa, a faɗi ranar shuka da irin da aka shuka da maganin da aka riga aka fesa, a kuma riƙo kwalin maganin domin a duba ko yana cikin waɗanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da su. Kan lafiya, a je cibiyar lafiya mafi kusa da katin rigakafin yaro da duk maganin da ya riga ya sha. Wanda kuma aka nemi ya shiga wani bincike, shi ko iyalinsa, yana da ikon neman kwafin takardar yarda, da sunan cibiyar da ke gudanar da aikin, da lambar da zai kira idan matsala ta taso, da kuma lokacin da za a dawo a gaya wa gari sakamakon.